Gida da Kasuwa: Tsohuwar mota da sabon direba, wace inshora za a yanka?

Tun da muka taɓo maganar takardun mota, tambaya ɗaya ke ta dawowa daga Kumasi da Lome da Kwatano da Yawunde, kowa da irin lafazinsa amma zancen ɗaya ne. Akwai tsohuwar mota a gida, yaro ya cika shekara 18 ya karɓi lasin, maigida na son ya miƙa masa makulli don ya riƙa kai ƙannensa makaranta da iyayensa mata unguwa. An je kamfanin inshora, an ji kuɗi, an dawo gida ba a yanka ba. Wasu ma suna ƙarawa da cewa yaron ya gani a intanet wai a Turai tsofaffin motoci sun fi sababbi arahar inshora, to me ya sa mu nan ake tsawwala mana?

Duk mun san irin motar da ake magana. Ko dai Fijo 504 ce, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka yi ta haɗa ta a masana'antar Fijo ta Kaduna har cikin shekarun 2000, ko Marsandi 200 ta ƙarshen shekarun 1970, ko ƙanwarta 190 da ta fito a 1982. Motar da Alhaji ya saya lokacin da kasuwar goro ko ta shanu ta yi masa kyau, ya ƙi rabuwa da ita ko da ya sayi wata. A cikinta aka ɗauko amarya, a cikinta aka kai mai haihuwa asibiti. A wurin 'yan gida ba ta da farashi. A wurin kamfanin inshora kuwa tana da shi, kuma ba shi da yawa. Yawancin rigimar daga nan take tasowa.

Abin da yaron ya gani a intanet gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ya gani. A Ingila motar da ta haura shekara 40 ana iya yi mata rajista a matsayin motar tarihi, a ɗauke mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. A Faransa shekara 30 ake nema kafin a ba mota takardar motar ajiya. Kuma akwai kamfanonin da ke yi wa irin waɗannan motoci inshora da rangwame. Sai dai rangwamen yana da dalili. Mai irin wannan mota galibi dattijo ne, yana da wata motar da yake hawa kullum, ita wannan tana kulle a gareji, sai ranar hutu ya fito da ita ya ɗan zaga ya mayar. Kamfanin zai ƙayyade masa nisan da zai yi a shekara, a kuma yi yarjejeniya a rubuce kan darajar motar tun kafin wani abu ya faru. Yawancinsu ba sa karɓar direban da bai kai shekara 21 ko 25 ba. Ka ga ke nan arahar ta zaman motar ce a gida da kuma shekarun mai ita. Yaro ɗan shekara 18 da zai hau ta safe da yamma ya rushe sharuɗɗan biyu gaba ɗaya. A Faransa ma doka ta yarda a ninka wa sabon direba kuɗin inshora a shekararsa ta farko, ƙarin ya riƙa raguwa duk shekarar da ya yi bai yi haɗari ba.

Kada kuma a ɗauka ƙiyayya ce ake yi wa matasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, nahiyarmu kuma ita ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Kamfanin inshora ba ya sanin cewa ɗanka mai natsuwa ne, ya sauke Alƙur'ani, ba ya yawon dare. Shekarunsa yake gani da ranar da aka ba shi lasin. Sannan a haɗa masa da motar da aka ƙera kafin jakar iska da birkin zamani su zama ruwan dare.

To, mu dawo gida. Inshorar mota iri biyu ce babba. Akwai ta mutum na uku, wadda direbobi ke cewa tad-fati: ita ke biyan wanda motarka ta ji wa rauni, ko iyalan wanda ta kashe, ko wanda ta lalata wa dukiya. Ba ta gyara maka taka motar. Ita ce doka ta wajabta a duk ƙasashen da muke zaune. Akwai kuma cikakkiya, wadda ta haɗa da gyaran motarka da sata da gobara. Idan na bi diddigin masu cewa kuɗi ya kore su, sau da yawa sai in tarar farashin cikakkiyar aka faɗa musu.

Ga misali daga Najeriya, inda lissafin yake a fili. Tun daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗin tad-fati na motar gida naira 15,000 a shekara, daga naira 5,000 da aka daɗe ana biya, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata zuwa naira miliyan 3. Cikakkiya kuwa ba a yarda ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba. Motar da aka yi wa kuɗi naira miliyan 2, aƙalla naira 100,000 ke nan duk shekara. Kuma ranar da aka yi haɗari, farashinta na kasuwa za a duba, a cire kason da takarda ta ce mai mota ne zai ɗauka da kansa, wanda kan fi yawa idan matashi ne ko sabon direba ke riƙe da sitiyari. Abin da zai rage, sau da yawa bakaniken unguwa zai yi aikin da ƙasa da abin da ka zuba a shekara biyu ko uku. Kamfanoni da dama ma ba sa son ba da cikakkiya ga motar da ta tsufa sosai, saboda wahalar kayan gyara da gardamar farashi.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Ga tsohuwar motar gida da yaro zai koyi hanya da ita, tad-fati ta gaskiya ta wadatar, a ajiye ragowar kuɗin a sa tayoyi masu kyau, a gyara birki da fitilu. Wanda motarsa ta kai a kira ta ta ajiya, fentinta na asali, injinta na asali, har ana yi masa tayi, shi ne zai nemi cikakkiya, kuma ya dage a rubuta darajar da aka amince da ita a cikin takardar, da hotuna da rahoton mai ƙiyasta farashi. Amma mai irin wannan mota, Alhaji, anya ita ce za ka ba ɗan shekara 18 ya shiga da ita cunkoson Kejetia?

Tsohuwar mota in ta lotse an yi asarar ƙarfe. Abin da ke cinye jarin ɗan kasuwa shi ne mutumin da aka buge: kuɗin asibiti, kuɗin kotu, diyyar rai. Baƙo kuwa a ƙasar mutane, ranar da motarsa ta taka ɗan gari, ya san yadda kallo ke komawa kansa. A nan ne takardar da ake rainawa take aiki, in dai ta gaskiya ce kuma an faɗi gaskiya wajen yankarta.

Wannan ya kawo mu ga dabarar da aka fi yi, wadda nake roƙon iyaye su bari. Maigida zai je ya yanki inshora da sunansa, da lasinsa na shekara talatin, a tambaye shi wa ke tuƙa motar ya ce shi kaɗai, alhali shi ya shekara biyar bai zauna a kujerar direbanta ba. A Ingila wannan laifin zamba ne mai sunansa. A ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992 kuma ta haɗa ƙasashe 14, ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi da Binin da Togo da Kwaddibuwa, yanayin direban da ya saba tuƙa motar yana cikin abubuwan da ake yanke farashi a kai, tare da ƙarfin injin da aikin da motar ke yi da yankin da take yawo. Sashe na 18 na dokar ya ce wanda ya yi ƙarya da gangan wajen bayani, kwangilarsa ta ɓaci, kuma kuɗin da ya biya ya zama na kamfani. Sashe na 19 ya ce idan kuskure ne ba da niyya ba, a rage masa diyya gwargwadon gibin da ke tsakanin abin da ya biya da abin da ya kamata ya biya. Wato ka yi tsimin 'yan kuɗi kaɗan, ka sayi takardar da za ta iya juya maka baya ranar da kake buƙatarta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A faɗi sunan yaron, da shekarunsa, da ranar da ya karɓi lasin. A ce a rubuta. A karanta layin da ya bayyana waɗanda aka yarda su tuƙa motar, domin wasu takardun sun yarda da duk mai lasin da mai mota ya ba izini, wasu kuma sun taƙaita ga sunayen da aka lissafa ko ga waɗanda suka haura wasu shekaru. Wanda bai iya Turanci ko Faransanci ba ya tafi da mai karanta masa, kada ya dogara da bakin ejan, shi kamashonsa yake nema.

Maganar lasin kuma ba ta wasa ba ce. A Gana da Najeriya da Nijar da Kamaru, shekara 18 ce farkon lasin ƙaramar mota. Mun san ana yi: yaro ɗan shekara 16 ya iya mota tun yana wanke ta, ana aikensa cefane a cikin unguwa, "ai nan da nan ne". Nan da nan ɗin ne yara ke wasa a bakin titi. A ƙarƙashin dokar CIMA, idan direba marar lasin ya buge mutum, kamfani zai iya biyan wanda aka buge, sannan ya juyo kan mai laifin ya nemi kuɗinsa kakaf. Haka nan lasin da aka saya ta bayan gida, wanda aka ƙara wa yaro shekaru: ranar bincike shi ma babu ne.

Sai kuma aikin motar. Mu 'yan kasuwa ne, mota ba ta zama a gidanmu ba ta ɗauki kaya ba. Inshorar motar gida ta zirga-zirgar iyali ce. Da zarar yaro ya fara jigilar dilolin atamfa daga kasuwa zuwa tasha ana biyansa, ko ya riƙa ɗaukar fasinja a hanyar dawowa don ya samu na mai, motar ta koma ta haya a idon kamfani, kuma takardar ba ta rufe wannan aikin ba. A Gana bambancin a jikin lamba yake, fara ta gida, rawaya ta haya, kuma dokar hanya ta 2012 ta sa shekara 25 ga mai tuƙa motar haya. Idan har za a riƙa ɗaukar kayan shago, a faɗa tun farko a biya kuɗin da ya dace da hakan.

Wani abin da ke damun tsofaffin motocinmu musamman shi ne takardun mallaka. Mota ta wuce hannu huɗu, har yanzu sunan wanda ya fara shigo da ita ne a takarda. Ko mahaifi ya rasu, Allah ya jiƙan magabatanmu, mota ta faɗa rabon gado, ana ta sabunta inshora da sunan mamaci. Ko an sauya inji, kamar yadda aka yi wa mafi yawan Fijo da ke yawo yau, ba a gyara lambar injin a takarda ba. Duk waɗannan ƙofofi ne da kamfani zai bi ya ja ka da gardama wata da watanni. Gyaransu wahalar kwana biyu ce a ofishin rajistar motoci, a haɗa da takardar shaidar lafiyar mota, wadda ita ma akan nema.

Yanzu ina ake samun rangwamen halas? Ba shi da yawa, gara in faɗa. Tunda gwamnatoci ke tsayar da ƙaramin farashin tad-fati, bambancin kamfani da kamfani ɗan kaɗan ne. Amma akwai wuraren da ake ragewa. A ƙasashen CIMA ƙarfin inji na ƙara kuɗi, don haka idan motoci biyu ne a gida, a ba yaron mai ƙaramin inji, a bar mai silinda shida. Inshorar wata ɗaya ko wata uku da aka saba yanka tana da sauƙin biya a lokacin, amma in ka tara ta shekara ta fi tsada, ga kuma mantuwar ranar ƙarewa. Ɗan kasuwar da ke da motoci uku ko huɗu da shago ya kai su kamfani ɗaya ya yi ciniki, ciniki ai sana'armu ce. Sannan a tambayi ragin da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba, a ajiye takardun shekarun baya don su zama shaida. Shekara biyu ko uku da yaron zai yi da sunansa a rubuce ba tare da haɗari ba, su ne za su sauƙaƙa masa ranar da zai yanki tasa.

Akwai ƙari ɗaya da nake ganin ya cancanci kuɗinsa, iyaye mata su riƙe wannan. Inshorar dole a ƙasashen CIMA ba ta biyan raunin da direban motar ya ji. Wato idan yaron ya kauce wa babur ya daki bango, ita ba ta san da shi ba. Ana sayar da ƙarin kariya ta direba, a tambaya, a ji nawa take biya na asibiti.

Arahar da ta wuce hankali kuwa, a guje ta. Wanda ya tare ka a bakin ofishin lasin ya ce zai yi maka da rabin farashin gwamnati, takarda zai buga maka kawai. Yanzu dubawa ta yi sauƙi. A Gana, tun 2020 hukumar inshora ta ƙasa ta buɗe rumbun bayanan inshorar motoci, ana latsa *920*57# a waya a sa lambar mota a ga ko tana ciki. A Najeriya akwai rumbun NIID, ana shiga askniid.org, kuma tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsaurara binciken tad-fati a hanya. A duba kafin a bar wurin. Kuma a biya kuɗin a karɓi rasit, domin a Najeriya da Gana da ƙasashen CIMA ƙa'idar ɗaya ce: ba a biya ba, babu kariya. "Kawo takardar, zan biya idan kaya sun fita" na iya yiwuwa a kasuwa, a nan ba ya aiki.

Ga masu tafiya gida da mota lokacin salla ko biki, inshorar ƙasa tana tsayawa a kan iyaka. A Afirka ta Yamma katin ECOWAS mai ruwan ƙasa ne ke ɗaukar nauyin mutum na uku a ƙetare, tsarin da aka sa wa hannu a Kwatano a 1982, kuma a Najeriya yana cikin naira 15,000 ɗin nan. Kamaru da Chadi ba sa cikinsa, su nasu katin CEMAC ne mai ruwan hoda, don haka wanda zai tashi daga Garwa zuwa Yola sai ya nemi kariyar ɓangaren Najeriya daban. Tunda kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wanda zai bi ta Gaya ko Maraɗi ya sa kamfaninsa ya tabbatar masa a rubuce da ƙasashen da katinsa ke aiki. Ni dai ba zan ba sabon direba doguwar hanya irin wannan shi kaɗai ba, ko da takardunsa sun cika. Ya zauna gefen babba, ya karɓa da rana inda hanya ta yi kyau.

Na san akwai masu cewa duk wannan bayani bai shafe su ba, domin a wurinsu inshora haramun ce. Ba zancen banza ba ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci irin wadda aka sani ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, ta kuma halatta ta taimakekeniya. A kan wannan tushe takaful ya ginu: Sudan ta buɗe kamfanin farko a 1979, Najeriya na da irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, CIMA kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2019. Inda akwai shi, a neme shi. Inda babu, malamai da yawa sun yi sauƙi kan inshorar da hukuma ta tilasta, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da ba shi da madafa shi ne a ƙi yankar ta gaskiya don tsoron Allah, sannan a sayi ta jabu don tsoron ɗan sanda. Kuma aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Haƙƙin wanda aka buge yana nan, da takarda ko babu. A da dangi ke haɗuwa su biya. Mu da muke zaune nesa da dangi, sai mutum ya tambayi kansa wa zai haɗa masa.

Kafin a miƙa makulli, a zaunar da yaron a gaya masa abin da zai yi idan tsautsayi ya faɗa. Ya fara da wanda ya ji rauni, a kai shi asibiti. Idan jama'a sun taru ya ga ransa na cikin haɗari, ya nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa, kada ya gudu gida. Ya ɗauki hotuna, ya karɓi lambar waɗanda suka gani. Kada ya sa hannu a wata takarda ko ya yi alƙawarin biya a bakin titi, domin kamfanoni na ƙin amincewa da sulhun da aka yi ba da saninsu ba, mu kuwa mun saba da "a bari mu sasanta a gida". A sanar da kamfani da wuri: dokar CIMA ta ce wa'adin da kwangila za ta bayar ba zai gaza kwana biyar na aiki ba, sata kuwa awa 48 ce. Kwafin inshora da na lasin su zauna a motar, wani kwafin a gida wurin Hajiya, ita ce ba ta ɓatar da takarda.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba babur, wanda shi ne yaranmu suka fi hawa kuma shi ne aka fi bari ba takarda.